Man Agadem, matatar SORAZ da bututun Benin: abin da ya kamata a sani

A watan Maris na 2025 an yi makonni ana dogon layi a gidajen mai na Yamai, Maradi da Damagaram. Ƙarancin ya fi taɓa mai ƙaramin ƙarfi, kamar ɗan kabu-kabu da ke cin abinci da babur ɗinsa, ko mai lambu a bakin tabkin Gidimuni wanda injin ban ruwansa ba ya tashi sai da esansi, ga shi kuma lokacin rani ne. Tambayar da ke bakin kowa a lokacin ita ce: ƙasar da ake cewa tana tura dubban gangunan mai zuwa teku a kowace rana, yaya za a yi ta rasa litar da za a zuba wa babur? Wannan bayani ya tattaro abin da ake buƙatar sani don a fahimci amsar, tun daga rijiyoyin Agadem har zuwa famfon gidan mai.

Bututu biyu, kowane da aikinsa

Duk man da Nijar take haƙowa yana fitowa ne daga yankin Agadem, cikin gundumar Ngurti ta jahar Difa. Daga can bututu biyu suke tashi.

Na farko yana da tsawon kilomita 462, ya nufo matatar SORAZ da ke ƙaramar hukumar Olelewa cikin gundumar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram. Yana ɗaukar ganga 20,000 a rana. Da wannan man ne ake yin esansi da gazuwal da iskar gas ta girki da ake saye a cikin ƙasa.

Na biyu ya kai kusan kilomita 2,000. Ya tashi daga Kulele, ya ratsa kudancin Nijar har Gaya, ya tsallaka Benin, ya ƙare a Seme kusa da Kwatano. An yi shi don ɗaukar ganga 90,000 a rana. Abin da ke gudana a cikinsa ɗanyen mai ne, wanda babu injin mota ko na babur da zai iya sha sai an tace shi. Jiragen ruwa ne ke kwashe shi zuwa matatun Turai da Asiya, abin da ke dawo wa Nijar kuwa kuɗi ne.

Saboda haka ko da bututun Benin ya cika maƙil, lita guda ba ta ƙaruwa a gidan mai na Mirya ko Gure. Abin da ke kaiwa famfo yana rataye ne ga ƙarfin SORAZ, wanda bai wuce ganga 20,000 ba tun ranar da aka buɗe ta a 2011, sai kuma abin da aka shigo da shi daga waje.

Daga Texaco zuwa CNPC

An daɗe da sanin akwai mai a gabashin Nijar. Tun cikin shekarun 1970 kamfanin Texaco na Amurka ya fara bincike, daga baya Elf na Faransa da Esso suka biyo, sai Petronas na Malesiya a farkon shekarun 2000. Sun haƙa rijiyoyi, sun kuma ga mai a wurare irin su Sokor da Gumeri. Abin da ya hana su ci gaba shi ne lissafi. Agadem na tsakiyar hamada, nesa da kowace gaɓar teku, kuma a ganinsu yawan man da aka tabbatar bai kai a kashe masa kuɗin dogon bututu ba.

Gwamnatin Mamadou Tandja ta kafa sharaɗi: duk wanda ke son Agadem sai ya gina matata a cikin ƙasa. Esso da Petronas ba su ga riba a ciki ba, suka bar filin a 2006. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya amince. An sa hannu kan yarjejeniyar rabon mai a watan Yuni na 2008, CNPC ya biya kuɗin sa hannu dalar Amurka miliyan 300, ya kuma yi alkawarin zuba jarin da ya kai dala miliyar 5, wato biliyan 5. A watan Oktoba na shekarar Tandja ya aza tubalin matatar a Damagaram. Bai kai ga buɗe ta ba, domin sojoji sun kifar da shi a Fabrairun 2010. Shugaba Issoufou Mahamadou ne ya ƙaddamar da ita ranar 28 ga Nuwamba 2011, ranar da Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo mai.

Wannan sharaɗi na Tandja shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ƙasashe da yawa na Afirka sun fara da sayar da ɗanyen mai suna sayo tatacce daga waje. Nijar ta fara da tacewa, sai bayan shekara 12 ta soma fitar da ɗanye.

A yau filin Agadem na hannun abokan tarayya uku: CNPC na da kashi 65 cikin 100, kamfanin OPIC na Taiwan kashi 20, gwamnatin Nijar kashi 15.

Abin da SORAZ take iyawa

A SORAZ, CNPC ne ke da kashi 60, gwamnati kashi 40. Da farko an ƙiyasta kuɗin ginin a kan dala miliyan 600, amma lissafin da aka gabatar daga ƙarshe ya kai kusan miliyan 980. Wannan bambanci ya jawo doguwar taƙaddama tsakanin gwamnati da kamfanin, kuma yana da nasaba da farashi kai tsaye, domin daga cinikin mai ne matatar take biyan bashin da aka gina ta da shi.

Ganga guda lita 159 ce. Ganga 20,000 ke nan ta haura lita miliyan 3 na ɗanyen mai a rana. Sai dai ba duka ke zama esansi ba. Kaso mafi girma gazuwal ne, sai esansi, sai iskar gas, wani ɓangare kuma matatar da kanta take ƙonawa don tafiyar da injunanta. Shi ya sa ake iya ganin Nijar tana sayar wa maƙwabta gazuwal a daidai lokacin da take neman esansi. A Afrilun 2024, alal misali, an ƙulla yarjejeniyar sayar wa Mali lita miliyan 150 na gazuwal don tashoshin lantarkinta.

SORAZ ba ta sayar wa mai mota kai tsaye. Kamfanin gwamnati na SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, shi ke saye daga hannunta ya adana a rumbunansa, sannan 'yan kasuwa masu gidajen mai su saya daga wurinsa. Motocin dakon mai ne ke rarraba shi a kan titi. Waɗanda suka nufi Gure da Difa sukan bi ta RN1, su ratsa Mirya da Gidimuni. Man da ya taso daga jahar Difa ta cikin bututu yana komawa can ne a bayan mota.

Lokacin da aka buɗe matatar, abin da Nijar ke sha a hukumance bai wuce kimanin ganga 7,000 a rana ba. Ragowar 13,000 ana sayar da ita ga Najeriya, Burkina Faso da Mali. Tun daga lokacin jama'a ta ƙaru sosai, babura da motoci da injunan ban ruwa da na niƙa sun yawaita a birni da ƙauye, matatar kuwa tana nan yadda take.

Ruwa-ruwa da farashin famfo

Shekara da shekaru wannan giɓi bai fito fili ba, saboda ruwa-ruwa. Najeriya na biyan tallafi a kan fetur, don haka litarsa a Kano ko Katsina ta fi ta SORAZ arha nesa ba kusa ba. Ana shigo da shi ta kan iyaka a jarkoki, a sayar a kwalabe a bakin hanya. A jahohin Damagaram, Maradi da Tawa, mutane da yawa sun yi shekaru ba su leƙa gidan mai ba. Jami'an SONIDEP da kansu sun ce a wani lokaci ruwa-ruwa ya kai kusan rabin abin da ake sha a ƙasar.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ribar fasa-ƙwauri ta ƙare. Masu sayen kwalba suka koma famfo gaba ɗaya, har wasu daga tsallaken iyaka suka fara zuwa neman mai a Nijar.

A gefen Nijar kuwa gwamnati ce ke yanke farashi, kuma ɗaya ne a duk faɗin ƙasa. A farkon 2012 an tsayar da esansi a kan sefa 579 lita, farashin da jama'a suka ga ya yi tsada ga man gida. Daga baya ya sauko 540, ya daɗe a haka. A 2022, da gazuwal ya yi tsada a duniya, na Nijar ya riƙa zurarewa zuwa maƙwabta, har gwamnati ta dakatar da fitar da shi, sannan a watan Agusta ta ɗaga shi daga 538 zuwa 668. Ranar 23 ga Yuli 2024 gwamnatin CNSP ta rage farashi: esansi ya koma 499, wato kusan dala 100 a lissafin kasuwa, gazuwal kuma 618.

Ragin ya sauƙaƙa wa jama'a, amma ya zo ne a lokacin da buƙata ta riga ta ninku. A Maris na 2025 jami'an SONIDEP sun bayyana cewa SORAZ na ba su motar esansi 25 a rana, alhali ƙasar na neman kimanin 50. Cike giɓin na nufin sayo mai daga waje a farashin duniya a sayar da shi 499, ga kuma iyakar Benin a rufe, hanyar Lome ta Burkina Faso tana da nisa da haɗari. A ƙarshe sai da aka tura tawaga Abuja aka shigo da mai daga Najeriya kafin layuka su ragu.

Iskar gas ma farashinta na hannun gwamnati: tukunya mai kilo 6 sefa 1,800, mai kilo 12.5 sefa 3,750. Wannan rahusa ta sa gidaje da dama a birane sun rage girki da itace, amma ita ma takan yi ƙaranci a duk lokacin da matatar ta tsaya don gyara.

Me ya sa aka bi ta Benin?

Ƙasar da ba ta da gaɓar teku dole ta ratsa gidan wani kafin manta ya kai kasuwa. Nijar ta duba hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ta Cadi. Akwai bututu tun 2003 daga Doba zuwa Kribi a Kamaru, don haka abin da ake buƙata shi ne a shimfiɗa 'yan ɗaruruwan kilomita a haɗe da shi. Ita ce mafi gajarta kuma mafi arha, har an sa hannu kan yarjejeniyoyi da Cadi da Kamaru a 2012 da 2013. Abubuwan da suka rage mata kwarjini sun haɗa da rikicin Boko Haram a yankin tabkin Cadi, da saɓanin da CNPC ya samu da gwamnatin Cadi a 2013 da 2014 kan gurɓata muhalli, da kuma biyan kuɗin wucewa ga ƙasashe biyu a kan bututun da ke hannun wasu kamfanoni.

Ta biyu ita ce ta Najeriya. A Yulin 2018 shugabannin ƙasashen biyu, Issoufou Mahamadou da Muhammadu Buhari, sun halarci sa hannu kan takardar fahimtar juna a Abuja don gina matata a Mashi ta jihar Katsina, wadda za a riƙa kai wa ɗanyen Agadem ta bututu. Aikin bai wuce takarda ba.

Ta uku, ta Benin, ita ce mafi tsawo da tsada, amma ƙasa guda ce za a ratsa, kuma bututun zai zama na CNPC da Nijar tun daga rijiya har bakin teku. An sa hannu da Benin a Janairun 2019, aka ƙaddamar da aiki a Kulele ranar 17 ga Satumba 2019. Kimanin kilomita 1,275 na cikin Nijar, 675 na cikin Benin. Kamfanin WAPCO, reshen CNPC, shi ya gina kuma shi ke tafiyar da shi, Nijar na da kashi 15 a ciki. Bututun kaɗai ya ci sama da dala miliyar 2. Annobar korona ta jinkirta aikin, sai ranar 1 ga Nuwamba 2023 Faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya ƙaddamar da shi. A kasuwar duniya ana kiran wannan ɗanyen mai da suna Meleck. Yana da ɗan nauyi, amma farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce, abin da matatu ke so.

A lokacin da aka zaɓi Benin an ɗauke ta a matsayin hanya mafi kwanciyar hankali. Shekara biyar bayan haka, a can ne matsala ta fara ɓullowa.

Rikicin 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyakarta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar gadar Gaya da Malanbil a rufe, tana zargin cewa akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin da ake shirya mata maƙarƙashiya daga cikinsu. Benin ta musanta.

A farkon Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon ya hana jiragen ruwa ɗaukar man Nijar a Seme, yana cewa ba za a rufe wa kayan Benin ƙofa ba a kuma nemi wucewa da mai ta ruwanta. Ƙasar Sin ta shiga tsakani, aka bar jirgi na farko ya ɗauki kimanin ganga miliyan 1 a tsakiyar watan. Ranar 5 ga Yuni hukumomin Benin suka kama 'yan Nijar 5 a tashar Seme. Yamai ta ce ma'aikata ne da suka je duba lodi, ta rufe bututun daga Kulele. Kotun Benin ta yanke wa 3 daga cikinsu ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka, aka sake su. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sun zo Yamai neman sulhu a ƙarshen watan, kuma a Agusta aka koma lodi, duk da cewa iyakar ƙasa ta ci gaba da zama a rufe.

A cikin watan na Yuni ne aka ga ɗaya raunin bututun. Ranar 12 ga wata 'yan bindiga suka kashe sojoji 6 masu gadinsa a jahar Doso. Daren 16 ga wata aka fasa shi a gundumar Tesker ta jahar Damagaram, ƙungiyar tawaye ta FPL ta ɗauki alhaki. An ci gaba da samun hare-hare daga baya, musamman a jahar Doso. Kowace fashewa na nufin kwanakin da ba a tura mai, da kuɗin gyara, da ɗanyen mai da ya malala a gonaki ko makiyaya.

Ita ma Benin tana da abin da za ta rasa. An ƙiyasta za ta samu sama da sefa miliyar 300 na kuɗin wucewa da haraji a shekara 20 na farko. Wannan ne ya sa duk da zafin kalamai babu ɓangaren da ya so bututun ya mutu. A lokacin rikicin Nijar ta sake buɗe magana da Cadi kan tsohuwar hanyar Doba, sai dai sabon bututu aiki ne na shekaru da maƙudan kuɗi.

Idan an raba ganga 100

An sha jin cewa kason Nijar a man da ake fitarwa kashi 25.4 ne cikin 100. Mutane da yawa na tambayar yadda mai ƙasa zai tashi da rubu'i. Ga yadda lissafin yake bisa yarjejeniyar rabon mai.

A ɗauki ganga 100. Tun kafin komai gwamnati na cire ganga 12.5 a matsayin haƙƙin mai ƙasa. Saura 87.5. Daga nan kamfanoni na da damar ɗaukar har kashi 70 cikin 100 don mayar da kuɗin da suka kashe wajen bincike da haƙa da gine-gine, wato ganga 61 da 'yan kai. Abin da ya rage, ganga 26 da rubu'i, shi ne man riba. Gwamnati na karɓar kashi 40 na wannan a matsayin haraji, ganga 10.5 ke nan. Ragowar ana raba ta tsakanin masu hannun jari, inda kashi 15 na gwamnati ke ba ta kusan ganga 2.4. Idan aka haɗa 12.5 da 10.5 da 2.4 an samu 25.4. A kan ganga 90,000, wannan ya kusa 23,000 a rana.

Wannan kaso ba a ƙafe yake ba. Da zarar kamfanoni sun gama mayar da kuɗinsu, man riba zai ƙaru, kason gwamnati ya hau. Shi ya sa babbar fafatawa tsakanin gwamnati da kamfani take kan takardun kashe kuɗi. Duk dalar da aka rubuta a matsayin tsadar aiki, ko albashi ce ko kwangila, daga man da za a raba ake cire ta. Binciken waɗannan takardu na daga cikin ayyuka mafi muhimmanci da ma'aikatar man fetur ke da su.

Akwai kuma kuɗin da aka ci tun kafin a sayar. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kafin alƙalami, da ruwan kashi 7 cikin 100, za a biya da mai cikin wata 12. Tsaikon da aka samu a Yuni da Yuli ya zo ne daidai lokacin da ake sa ran fara biya.

Kason jahohi

Dokar man fetur ta 2007, wadda aka sake a 2017, ta tanadi cewa kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga na mai ya koma ga ƙananan hukumomin yankin da ake aikin, don ayyukan raya ƙasa. Ƙungiyoyin fararen hula irin su ROTAB sun sha kokawa cewa kuɗin na makara ko ya zo a gutsure, har bashi ya taru a kan baitulmali. Ga ƙaramar hukuma irin Gidimuni, cikin gundumar Damagaram Takaya, wadda arziƙinta lambu ne da rake da dabino, hanyoyin da mai ke shafar rayuwa guda biyu ne: farashi da samuwar lita, sai abin da kasafin ƙasa ya mayar ta fuskar makaranta, asibiti da hanya.

Batun aikin yi ma tsohon ƙorafi ne a Damagaram. Matata da bututu suna ɗaukar dubban leburori lokacin gini, amma da an gama sai ma'aikata kaɗan masu ƙwarewa. Tun a makonnin buɗe SORAZ, a Disambar 2011, an yi tarzoma a birnin har aka rasa rayuka, a cikin yanayin da siyasa da farashin mai da neman aiki suka cakuɗe.

Inda gwamnati ta dosa tun 2023

Hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani sun ɗora manufarsu a kan ƙara ikon ƙasa a harkar. A 2024 an fitar da doka kan fifita 'yan ƙasa da kamfanonin gida wajen ɗaukar aiki da ba da kwangila. A Maris na 2025 an kori manyan jami'ai 3 'yan ƙasar Sin na CNPC da SORAZ da WAPCO. Ministan man fetur Sahabi Oumarou ya danganta matakin da bambancin albashi, inda ya ce baƙo na karɓar sama da dala 8,000 a wata a kan aikin da ɗan ƙasa ke karɓar kimanin 1,200. Duk da haka ba a taɓa yarjejeniyar CNPC ba, domin shi ne mai jari, shi ne mai tafiyar da rijiyoyi, shi ne kuma mai bin bashi.

Gwamnati na kuma neman ƙarin hannuwa a fagen. A Yunin 2024 SONIDEP ya ƙaddamar da nasa aikin bincike da haƙa, bayan shekara 47 yana saye da sayarwa kawai. Kamfanin Savannah Energy na Ingila ya gano mai a rijiyoyi 5 a yankin Agadem tun 2018, Sonatrach na Aljeriya kuma na aiki a Kafra, can arewa kusa da iyaka. A Oktoban 2024 an sa hannu da kamfanin Zimar na Kanada kan gina matata ta biyu a Doso, wadda aka ce za ta kai ganga 100,000 a rana idan an kammala dukkan matakanta. Akwai kuma tsohon shirin bututun iskar gas mai tsawon sama da kilomita 4,000 daga Najeriya zuwa Aljeriya ta cikin Nijar, wanda aka sa wa hannu tun 2009, aka sake farfaɗo da maganarsa a 2022 da Fabrairun 2025.

A cikin waɗannan duka, wanda zai sauya halin gidan mai shi ne ƙarin ƙarfin tacewa, ko a faɗaɗa SORAZ ko a gina wata, tare da rumbunan ajiya da za su riƙe ƙasa na makonni idan matata ta tsaya.

Yadda za a karanta labarin mai

Alƙaluman harkar mai suna da girma, kuma sau da yawa ana kawo su ba tare da bayani ba. Abubuwa huɗu na taimaka wa mai karatu.

Na ɗaya, a bambanta ƙarfin bututu da abin da ya wuce ta ciki. Ganga 90,000 ita ce iyakar da aka tsara. Ranar da aka rufe ko aka fasa, abin da ya wuce bai kai haka ba, kuma kuɗi na bin abin da aka loda wa jirgi ne.

Na biyu, a bambanta man da ke ƙarƙashin ƙasa da wanda za a iya fitarwa da riba. Hukumomi sun sha ambatar ganga miliyar 2. Abin da za a iya zuƙowa a kowane fili wani kaso ne na abin da ke ciki, yana kuma hawa da sauka da farashin duniya.

Na uku, a duba irin takardar da aka sa wa hannu. Takardar fahimtar juna niyya ce kawai. Matatar Mashi ta samu irinta a 2018. Aiki na tabbata ne idan an san mai ba da kuɗi, an ba da kwangila, an ga injuna a fili.

Na huɗu, idan an ce kuɗin mai ya ƙaru, a tambayi nawa ne ya shiga baitulmali bayan an cire biyan bashi da kuɗin tsaron bututu, nawa ne kuma ya isa asusun ƙananan hukumomi. Majalisar kowace ƙaramar hukuma, ko hukumar riƙon da ke madadinta, tana da wannan adadi a cikin kasafinta na shekara, kuma ɗan gari na da damar ya nemi a nuna masa.